Mercedes ta hannu ga 'yata: wacce zan ɗauka cikin uku?

Tambaya: Assalamu alaikum. 'Yata tana da shekara 21, ta kammala karatu ta fara aiki, shekararta ɗaya da samun lasisin tuƙi. Na yi mata alkawarin mota, na kuma tsaya a kan Mercedes C-Class ta hannu. Na ga guda uku da kuɗinsu bai yi nisa da juna ba. Ta farko C250 Sport ce ta 2013, ba ta da takardun sabis. Ta biyu C300 4MATIC Luxury ta 2013, da takardunta, mai sayarwa ya ce tana da kyamarar baya da na'urar gargaɗin gefe. Ta uku C350 Sport ta 2012, mai rufin gilashi da manyan wili inci 18, ita ce kuma ta fi tafiya a mita. Yarinyar ta nace sai ta ukun. Ba na son in karya mata zuciya, ba na kuma son in saya mata wahala. Wacce zan ɗauka? Daga wani uba.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya sanya albarka, ya sa ta more ta lafiya.

Cikin ukun nan C300 Luxury ce ta 'yarka, muddin ta tsallake binciken da za mu zayyana. C250 na biye mata bisa sharaɗi. C350 ce ta ƙarshe, duk da ita ta fi ɗaukar ido. Amma kada ka tafi da wannan kaɗai, domin dalilan su ne za ka gaya wa yarinyar, su ne kuma za su yi maka amfani idan ka koma ka tarar an sayar da ukun an kawo wasu.

Abu uku ake cakuɗawa idan ana maganar ajin mota. Akwai lambar da ke jikin but, 250 ko 300 ko 350, wadda ke nuna inji. Akwai kalmar Sport ko Luxury, wadda ke nuna yadda aka ɗaura ƙafafun motar da irin kwalliyarta ciki da waje. Waɗannan sunayen kasuwar Amurka ne, a Turai kusan su ne ake kira Avantgarde da Elegance. Na uku shi ne kayan ƙari da mai motar na farko ya zaɓa ya biya daban ranar da ya saye ta sabuwa: kyamara, fitilu, rufin gilashi, lasifikoki. Motoci biyu na iya zama aji ɗaya, shekara ɗaya, launi ɗaya, wannan na da abin da waccan ba ta da shi. Shi ya sa “ful ofshin” da dillalai ke yawan faɗa ba ya nufin komai sai an bi kayan ɗaya bayan ɗaya.

Mu fara da inji. C250 ta 2013 silinda huɗu ce, lita 1.8 da turbo, ƙarfin doki 201. C300 ta 2013 silinda shida ce, lita 3.5, doki 248. C350 ta 2012 ita ma lita 3.5 ce, asalin injinsu ma ɗaya da C300 ɗin, sai dai an sakar masa mara ya kai doki 302, kuma ƙafafun baya kaɗai ke jan ta. Doki 302 a ƙarƙashin ƙafar wadda shekararta ɗaya da lasisi ya yi yawa. Ba don ita mace ba ce. Da ɗa namiji ka ce za ka saya wa, haka za mu faɗa, har da ƙari.

Illar mota mai ƙarfi kuma marar ƙara ita ce tana ɓoye gudu. Mutum na zaune cikin sanyi, ba girgiza, ba kukan inji, sai ya kalli mita ya ga allura ta kai 120 alhali jikinsa na gaya masa 80 yake yi. A gudun kilomita 120 a awa mota na cin mita 33 a kowace daƙiƙa, kuma nisan da take ja bayan an taka birki ya fi na gudun 100 da kashi 44 cikin ɗari, domin nisan birki ba ya ƙaruwa daidai da gudu, ninkuwa yake yi. Sabon direba hannunsa ya iya sitiyari, ƙafarsa ta iya totur, amma idonsa bai gama koyon auna tazara ba: ko zan wuce babbar motar nan kafin waccan ta iso, ko gurbin nan zai ishe ni. Mota mai ƙarfi tana ba shi ƙwarin gwiwar shiga gurbin da ƙaramar mota za ta hana shi. Kamfanonin inshora sun san haka, shi ya sa matashi da babban inji ke biyan kuɗi mai nauyi. Ka nemi a lissafa maka inshorar ukun da sunanta da shekarunta kafin ka biya kuɗin kowacce.

Kana iya cewa ai doki 248 ma ba kaɗan ba ne. Gaskiya ne. Sai dai C300 ta fi nauyi, ƙafa huɗu ke jan ta, kuma ƙarfinta na zuwa ne sannu a hankali yadda aka taka. Da a ce C250 ɗin Luxury ce kuma tana da cikakkun takardu, da mun sa su kafaɗa da kafaɗa, wataƙila ma ta sha gaba saboda ƙarancin shan mai. Rashin takardun ne ya kayar da ita, kuma a wannan injin ba ƙaramin abu ba ne. Injin C250, wanda kanikawa ke kira M271, sananne ne da miƙewar sarƙar taimin da cinyewar haƙoran giyar kamshaf. Babban abin da ke gaggauta wannan shi ne jinkirin canza baƙin mai ko zuba wanda bai dace ba. Alamarsa ita ce ƙara na daƙiƙa biyu zuwa uku idan an tayar da injin da sanyi, kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani, ko injin ya daɗe yana juyawa kafin ya kama, ko kwamfuta ta nuna lamba irin P0016. Idan aka bari sarƙar ta tsallake haƙori, fistin da bawul ne za su yi karo, daga nan kuma ba gyara ake magana ba, sabon inji ake nema. Sayen wannan motar ba tare da sanin wane mai aka zuba mata da yaushe ba sayen kifi ne a ruwa. Sharaɗinta ke nan: shaidar cewa an canza sarƙar da giyoyin, ko a rage maka kuɗin aikin daga farashi ka yi shi kafin yarinyar ta hau.

Injin silinda shida na sauran biyun, M276, ya fi shi juriya, amma na shekarun farko shi ma yakan yi 'yar ƙara a tashin safe saboda abin da ke ɗaure sarƙar yana rasa matsin mai idan mota ta kwana. Kamfanin ya fitar da gyaran wannan. Ka duba takardun C300 ɗin ko an yi, ka kuma saurare ta da sanyi ita ma.

Yanzu batun Sport da Luxury, inda mutane suka fi yi wa rogo kallon kitse. Daga waje bambancin a fuska yake: Sport na da babban tauraro a tsakiyar ragar gaba, Luxury na da ƙaramin tauraro tsaye a kan bonet da katako a ciki. Daga ƙasa kuwa, Sport ta fi kusa da ƙasa da kimanin milimita 15, sifirin da shokabzoba ɗinta sun fi tauri. An yi haka ne don mai son shan kwana da gudu a kan titi mai santsi. Mai zuwa aiki da dawowa, mai hawa tudun rage gudu da shiga rami lokaci-lokaci, ba abin da zai samu sai jijjiga da gogar bamba.

Taya ce ta fi muhimmanci a nan, don haka ka durƙusa ka karanta rubutun gefenta. Za ka ga abu kamar 225/45 R17. Lambar farko faɗin tayar ce a milimita, ta biyu tsayin gefenta ne a matsayin kaso na faɗin, ta uku girman wili a inci. Kashi 45 na 225 ya ba da milimita 101 na roba da iska tsakanin wili da titi. C350 mai inci 18 takan ɗauki 225/40 a gaba, wato milimita 90, da 255/35 a baya, wato milimita 89. Santimita ɗaya da 'yan kai kamar ba komai ba ne, amma shi ne katifar da ke tsakanin bakin rami da ƙarfen wili. Idan siririyar taya ta faɗa rami da gudu, robar na matsewa har wili ya cije ta, zaren cikinta ya tsinke, bayan kwana biyu ka ga ƙullutu ya fito a gefe kamar ƙwai. Tayar da ta yi haka ta gama aiki komai sabuntarta, kuma tana iya fashewa a kan gudu. Wili ɗin kansa yakan lanƙwashe ko ya tsage ta ciki, iska ta riƙa zurarewa a hankali, sitiyari ya riƙa rawa. Bugun da taya ba ta shanye ba kuma robobin ƙafa da boljoyin ne ke shan sa. Ƙara da cewa duk sabon direba sai ya goga wili a bakin titi wajen fakin, kuma inda babu kumatun taya da za su kare, ƙarfen ne ke cin duka.

Akwai wani abin. Idan tayoyin baya sun fi na gaba faɗi, kamar a C350 ɗin, kuma galibi a C250 Sport mai 225/45 a gaba da 245/40 a baya, ba a iya musanya na gaba da na baya don su cinye daidai. Na baya za su riga ƙarewa, kuma kullum girma biyu ake nema a kasuwa. Ka duba C300 ɗin. Idan huɗun lambarsu ɗaya, inci 17, wannan ƙarin maki ne babba. Sa'ad da motar ke sama, a haska cikin kowane wili da tocila a nemi tabon walda. Wilin da aka taɓa yi wa walda ba na motar 'yarka ba ne.

4MATIC yana nufin ƙafa huɗu ke ja, kashi 45 a gaba, 55 a baya. Amfaninsa a wajen tashi ne da riƙe hanya idan titi ya jiƙe ko ya yi santsi. Ba ya ƙara komai a wajen tsayawa. Wannan ka gaya mata da bakinka, domin mutane da yawa na jin motar ta kama ƙasa sai su ɗauka birkin ma haka yake. Yana da nasa nauyin: ya fi shan mai kaɗan, kayan ƙarfensa sun fi yawa, kuma yana son tayoyi huɗu iri ɗaya masu cinyewa ɗaya. Sabuwa ɗaya da tsofaffi uku na sa na'urar raba ƙarfin ta riƙa aikin da ba nata ba har ta gaji. A wannan zubin, wato ƙirar C-Class ta waɗannan shekarun, na'urar a jikin giyabos take, don haka gyaranta ba wasa ba ne. Gwajinta mai sauƙi ne. A fili marar mutane, a sauke gilasai, a murɗa sitiyari har ƙarshe, a yi da'ira a hankali zuwa dama sau biyu, zuwa hagu sau biyu. Idan ka ji motar na tsalle-tsalle kamar tayoyi na faɗa da juna, ko gurnani daga ƙarƙashin kujerun gaba, ko kuma a kan titi ka ji kuka mai ƙaruwa da gudu wanda ba na taya ba, ka ajiye mukulli ka yi sallama.

Kayan ƙari kuwa ka raba su gida biyu: wanda ke hana karo, da wanda ke jiran ya lalace. Kyamarar baya, na'urar da ke ƙara idan an kusa gogar abu wajen fakin, da 'yar fitilar madubi da ke gargaɗi idan akwai mota a gefen da ido ba ya gani, waɗannan su ne daidai kurakuran sabon direba, kuma sun cancanci a biya domin su. Fitilun zenon masu farin haske ma haka, idan za ta riƙa tuƙin dare, sai dai a tabbatar duka biyun na aiki kuma ba ruwa a cikinsu, domin gidan fitilar guda ɗaya kuɗi ne mai tsoka. Tsohuwar taswirar allo wayarta ta fi ta. Manyan lasifikoki da tayar da mota ba tare da sa mukulli ba daɗi ne, amma kada su sa ka zaɓi mota. Kujerar MB-Tex, wato fatar roba ta kamfanin, ba abin raini ba ce, takan fi fatar gaske jure rana da gogewa. Ka dai duba ɗinkin kujerar direba, nan take fara yagewa.

Rufin gilashi shi ne abin da ya fi jan matasa, shi ne kuma ya fi ba masu tsohuwar mota ciwon kai. Ba robar bakinsa kaɗai ke hana ruwa shiga ba. Akwai kwata a kewayensa da ƙananan bututu da ke saukar da ruwan ta cikin ginshiƙan mota zuwa ƙasa. Ƙura da ganye na toshe su, ruwa ya cika ya gangaro cikin mota, ya kwanta ƙarƙashin kafet inda wayoyi da ƙananan kwamfutocin mota suke. Daga nan sai fitilu su fara kunna kansu, batir ya riƙa mutuwa da dare, bakanike ya yi ta lalube. Ko wace mota ce mai rufin da ke buɗewa, babba ko ƙarami, ka buɗe ka rufe sau uku kana saurare, ka zuba ruwan gora ɗaya a kwatar ka ga ya fito ta ƙarƙashin mota, sannan ka ɗaga tabarmar ƙafa ka danna kafet da tafin hannu, gaba da baya. Danshi ko warin rima ya isa amsa. Motar da aka cika ta da turare ranar da za a nuna ta, ka tambayi kanka me ake rufewa.

Abin da ya kamata ya kwantar maka da hankali shi ne, ginshiƙan kariya ba su bin aji. Bodin ukun ɗaya ne. Birkin ABS, na'urar ESP mai gyara mota idan ta fara zamewa, jakunkunan iska, da na'urar lura da gyangyaɗin direba da aka sa wa wannan zubin daga 2012, duka suna cikin ƙaramar kamar yadda suke cikin babbar. Babban aji bai fi tsaro ba, ya dai fi gudu da kaya.

Kada ka yarda da rubutun jikin but, ko da bakin mai sayarwa. Lambar 350 da tambarin AMG, wato sashen motocin gudu na Mercedes, da gam ake manna su, ragar gaba kuma cikin 'yan mintuna ake canza ta. Gaskiyar mota tana cikin lambar shasi, wato VIN mai haruffa da lambobi 17, wadda ke ƙasan gilashin gaba ta gefen direba da kuma takardar da ke manne a ginshiƙin ƙofa. Su biyun su yi daidai da juna da takardun motar. Da wannan lambar wakilin kamfani ko bakaniken da ya san Mercedes zai fitar maka da katin haihuwar motar, inda kowane kaya ke da lambarsa: 218 kyamarar baya, 220 na'urar fakin, 234 gargaɗin gefe, 413 babban rufin gilashi, 414 ƙaramin, 486 ƙafafun Sport. Idan mai sayarwa ya ce akwai gargaɗin gefe amma babu 234 a katin, to babu. Idan akwai 234 amma fitilar madubin ba ta kamawa, mai yiyuwa an taɓa bugun motar ta baya, domin na'urorin a cikin bamban baya suke. Da lambar dai za a duba ko an canza jakar iska ƙirar kamfanin Takata. C-Class na waɗannan shekarun na cikin motocin da aka yi wa kiranye saboda ita. Sinadarin da ke hura jakar na lalacewa da zafi da laima da tsufa, ya fashe da ƙarfin da zai watsa ɓaraguzan ƙarfe a fuskar wanda ke zaune a gabanta. Wannan ba abin da za a ce sai an samu lokaci ba ne.

Akwai maganar da ba ka tambaya ba amma ta fi aji nauyi, ita ce shekara. A 2012 cibiyar IIHS ta Amurka, mai gwada tsaron motoci, ta fara wani gwajin karo inda kashi 25 cikin ɗari kawai na faɗin gaban mota, ta gefen direba, ke bugun katanga a gudun kilomita 64 a awa, irin karon da ake yi da turken fitila ko gefen wata mota. C-Class ta lokacin ta samu sakamako mafi ƙasa, tare da Lexus IS da ES da Audi A4, yayin da Volvo S60 da Acura TL suka samu mafi kyau. Wannan bai mai da ita mota marar kariya ba, ta yi kyau a tsofaffin gwaje-gwajen. Amma yana nuna cewa sunan mota da tsadarta ba su ne ma'auni ba. Zubin da ya biyo baya, daga 2015, ya fito bayan an fara wannan gwajin, kuma ko mafi ƙarancin C300 ɗinsa, mai silinda huɗu lita 2.0 da doki 241, ya zo da birkin da ke taka kansa idan ya ga za a buga ta gaba. Idan kuɗin da ka tanada zai kai ka ga C300 ta 2015 marar kwalliya mai tsabtar tarihi, ta fi ukun nan duka ga yarinya mai shekara ɗaya a sitiyari. A can ɗin ka guji ƙafafun iska na AIRMATIC, lamba 489, da wili inci 19, ka kuma buɗe but ka duba, da yawansu ba su zo da safaya ba.

Ranar bincike ka tafi da bakaniken da kai ka zaɓa, kai ka biya, wanda ba shi da alaƙa da mai sayarwa. Ka ce kada a tayar da motar kafin ku iso, ka taɓa injin da hannu ka tabbatar da sanyi yake. A murɗa mukulli ba tare da tayarwa ba: fitilun gargaɗi na inji da ABS da jakar iska duka su kama, sannan su mutu bayan an tayar. Wadda ba ta kama ba tun farko, akwai yiwuwar an kashe ta ne don a ɓoye ciwo. Ka saurari makullin sitiyari na lantarki sa'ad da aka sa mukulli. Idan yana jinkiri ko sai an sake gwadawa, ya kusa mutuwa, kuma ranar da ya mutu motar ba za ta tashi ba ko a ina take. Sanannen ciwo ne a wannan zubin, gyara shi kafin ya maƙale kuma ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. A sa kwamfutar da ke karanta dukan sassan Mercedes, ba 'yar ƙaramar da ke ganin inji kaɗai ba, a kuma gwada tafiyar da mita ke nunawa da ranaku da lambobin da ke takardun sabis.

Sai a ɗaga ta sama. Ƙarfen da ke riƙe da ƙafafun baya a wannan zubin yana cin tsatsa daga ciki, musamman motar da ta zauna inda ake zuba gishiri a titi lokacin ƙanƙara. Daga waje sai ka ga fenti lafiya. Bakanike ya ƙwanƙwasa shi da sukudireba, musamman inda hannuwan ƙafa ke ɗaure. Idan yana ɓarɓashi ko ya huje, magana ta ƙare. A duba bututun birki a wurin, da yoyon mai a inji da giyabos. A jikin kowace taya akwai lambobi huɗu a ƙarshen rubutun DOT: 2319 na nufin mako na 23 na 2019. Wadda ta haura shekara shida a canza ta ko da zanenta bai cinye ba. A ja bel har ƙarshensa a nemi tabon laka, alamar motar da ta taɓa nutsewa a ambaliya. Bayan haka a tuƙa ta minti talatin, cikin cunkoso da kan babban titi, har giyar ta yi zafi. Giya bakwai ce, ya kamata ta riƙa shiga ba tare da ka ji ba. Fizga, jinkiri kafin ta kama ribas, ko maƙalewa a giya ɗaya duka kuɗi ne.

Kada ka zuba duk abin da ka tanada a farashin mota. Ka ware kamar kashi ɗaya cikin biyar don watannin farko: baƙin mai mai lambar amincewar Mercedes, MB 229.5, da matatarsa, man giya idan ya haura kilomita 60,000 ba a canza ba ko ba a san yaushe ba, man birki wanda ake canzawa duk shekara biyu, tayoyi, wataƙila da batir. Ku kuma yi magana tun yanzu a kan wa zai riƙa ɗaukar nauyin sabis, kai ko ita. Motar nan ta yi arha a hannu na biyu, amma kayan gyaranta ba su san ta tsufa ba, kuma fetur mai inganci take so. Albashin farkon aiki da tayoyi inci 18 ba sa jituwa.

Ita kuma yarinyar, kada ka yanke a bayanta ka kawo mata mukulli. Shekara 21 ba yarinya ƙarama ba ce, kuma wadda aka nuna wa dalili ta fi kula da mota a kan wadda aka yi wa dole. Ka tafi da ita ranar binciken, ta tsaya ƙarƙashin motar ta ga abin da bakanike ke nunawa, ta tambayi kuɗin taya huɗu na kowacce da kanta. Ka tambaye ta mene ne takamaimai ya burge ta a C350. Da wuya ta ce doki 302. Galibi fuskar ce, babban tauraron nan na tsakiya, kuma ragar Sport na hawa kan Luxury ba tare da an taɓa komai na ƙafa ko inji ba. Ka ga ta samu fuskar da take so a kan ƙafafun da kake so. Ta zauna a kujerar direba ta daidaita ta: ƙirjinta ya yi nisan aƙalla santimita 25 daga tsakiyar sitiyari saboda jakar iska, ƙafarta ta iya danne birki har ƙasa gwiwa na ɗan lanƙwashe, bel ya bi ta tsakiyar kafaɗa, ba ta wuya ba. Ta yi ribas, ta yi fakin tsakanin motoci biyu, a C300 da C350 duka, ta ji bambancin da jikinta. Kafin ta fara fita ita kaɗai, ta haɗa wayarta da motar tana tsaye, ta kuma canza taya sau ɗaya a gida kana kallo, don ta san inda jak da safaya suke.

Idan C300 ta faɗi a gwajin da'ira, ko a tsatsa, ko katinta ya ƙaryata mai sayarwa, kada ka koma kan C350 don kawai ita ta rage. Ka bar ukun, ka ba dillali abin da kake nema a rubuce: C250 ko C300, ƙafafun Luxury, wili inci 17, lamba 218 da 234 a kati, da takardun sabis.